Buhu Takwas a Bodin Motar Kawu

Kawu ya rasu ranar Talata bayan an sallame sallar asuba, ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗaukewa ba. Mai shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Abin da zan iya faɗa game da kaina a wannan safiya shi ne ban ji komai ba. Na tsaya a zauren gidansa a Gidan Igwai ina miƙa wa mutane hannu, ana ce mini ya haƙuri, ina amsawa, hankalina kuwa yana kan wani takalmin roba ƙafa ɗaya da ruwa ya kawo bakin ƙofa. Ina ta tunanin ko na wane ne. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina yana kwance a ɗaki an lulluɓe shi, ni ina lissafin takalmi.

Wasu kam sun ji. Mai shayin bakin titi ya kashe wutarsa ya kife kofuna, ya zo ya zauna a ƙasa ko tabarma bai nema ba. Wasu manoman albasa na wajen Wamakko da suka shigo kasuwa suka ji labari, suka zo da laka har gwiwa. Babbansu ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa, "To yanzu wa za ya gaya muna gaskiyar mota?" Inna, matar Kawu, tana can cikin gida. Mata suka ce tsintsiya ta ɗauka tana ta sharar wurin da ta riga ta share.

Wanda ya yi kuka da ƙarfi shi ne Bakanike. Kirista ne, mutumin duwatsun Filato, ya fi shekara ashirin yana da gareji a bayan layinmu, kuma duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa injin motar Kawu sai shi. Bai shiga zaure ba. Ya wuce inda aka aje motar a gindin dalbejiya, ya kifa kansa a kanta yana rusa kuka kamar ƙaramin yaro. Wani dattijo ya je ya ce masa ya yi haƙuri, hawaye ba su yi wa mamaci daɗi. Ya ɗago ya ce, "Baba, ku yi naku yadda kuka iya, ku bar ni in yi nawa."

Ana cikin haka babban ɗan Kawu, taubashina, ya iso a ƙatuwar motarsa ja. Ɗan kwangila ne, tun lokacin da kuɗin mai suka fara zuba ya samu, har zuwa wannan shekara da sojoji suka sake karɓar mulki ana layin sayen sabulu da madara, shi dai bai girgiza ba. Ya sauko ya ce ya riga ya aika a haƙa kushewa a maƙabartar cikin gari. A nan na buɗe baki na ce ba za a yi haka ba, akwai wasiyya.

Kwana ashirin kafin wannan rana Kawu ya kira ni ɗakinsa. Ya rame har ina ganin ƙasusuwan hannunsa. Ya ce, "Ɗan boko, in ta hwaru, ka kai ni gida. Kusa ga wadda ta haihe ni. Kuma cikin Tsohuwa za ka kai ni, ba cikin wancan gidan bene na ɗan'uwanka ba." Tsohuwa ita ce motarsa, a-kori-kura ƙirar Faransa mai launin toka, gidan bene kuma ƙatuwar motar taubashina yake nufi. Gida kuwa ƙauyenmu ne, can bayan Wamakko, sai an bar kwalta an ratsa fadama an ƙetare mashigi. Na ce, "Kawu, ko da damina?" Ya harare ni ya ce, "Mutuwa tana duba wata?" Na ce na ɗauka. Ban ɗauka da zuciya ɗaya ba, na amsa ne don ya bar maganar.

Da na faɗi wannan a zaure, taubashina ya dube ni sama da ƙasa. Da wata rana ce da zolaya zai fara, don tsakaninmu wasa ne tun muna yara. Ranar ba wasa. Ya ce, "Kai da ko tayar keke ba ka iya canzawa, kai za ka ratsa fadama da gawa cikin wagga damina?" Liman ya shiga tsakani, ya ce gaggauta sutura shi ne sunna, kuma inda mutum ya faɗi nan ƙasarsa take, amma wasiyya ba abin wasa ba ce in ba za ta jawo jinkiri ba. Taubashina ya yanke magana. Ya ce za a gwada, amma in la'asar ta yi ba mu haye mashigi ba, za a juyo a rufe shi a gari, kuma ba wanda zai sake ce masa uffan. Na ce na yarda. Bakanike ya share fuska, ya buɗe injin Tsohuwa ya tashe ta, ya zagaya bayanta ya leƙa, sannan ya hau babur ɗinsa ya ce zai yi gaba ya duba mana hanya, mu same shi a bakin ruwa.

Kafin in faɗi yadda tafiyar ta kasance, bari in faɗi wane ne muka ɗauka, don abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan. Jikokinsa sun san shi tsoho mai tari da faɗa. Ba su san cewa akwai lokacin da ba mai sayen a-kori-kura a wannan yanki bai kawo wa Kawu ya gani ba.

Da jakai ya fara. Bakwai gare shi, yana ɗauko albasa da shinkafa daga fadama zuwa kasuwa, ya koma da gishiri da kananzir. Da zamani ya juya ya sayar da su ya sayi Tsohuwa, ya koyi tuƙi yana da furfura a gemu. Amma idon jakai bai bar shi ba. In aka kawo masa sabuwar mota ana washe baki, ko fentin ba ya kallo. Sai ya ce a yi mata lodi. In an gama ya koma baya ya tsuguna, ya dubi yadda ta zauna, ya sa hannu ya shafa sifirin, ƙarafan nan masu ɗaukar nauyin bodi, ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba haƙarƙarin dabba. Daga nan ya ce a tafi inda akwai hawa. Maganarsa kullum ita ce, "Gangare ba ya nuna jaki." In mai motar ya fara ba shi labarin yadda ta yi gudu a hanyar Gusau, sai ya ce, "A kwalta kowa jarumi ne," ya tofar da goro.

Kowace ƙira yana da hukuncinta. Ta Japan, in ji shi, yarinya ce mai tattali, ba ta shan mai, ba ta ciwo, amma bayanta tauri gare shi, in ka ɗora mata ƙwai ka isa da wainar ƙwai. Ta Ingila ba inda ba ta hawa, ko bishiya ka nuna mata, sai dai ba ta da ciki, buhu shida ta cika, kuma kullum tana gareji tana neman wani abu. Ta Amurka ƙarfi kamar bijimi, ci ma kamar bijimi, tsawonta kuma ya yi wa hanyoyinmu yawa. Tasa ta Faransa ita ce ba ya gajiya da yabo. Ya ce in an ɗora mata kaya sai ta durƙusa har ka ji tausayinta, amma ta tashi, kuma ba ta taɓa kwana da kayan mutane a daji ba. Bakanike shi ɗan goyon bayan ta Japan ne. Shekara da shekaru suna wannan gardama a kan benci ɗaya, da kofin shayi ɗaya a tsakaninsu wani lokaci, ba wanda ya taɓa ja da baya ko taƙi ɗaya. Kawu yana ce masa, "Kai mi ka sani? Ciki kake gani, ni baya nika gani."

Ni ma'aikacin ofis ne a Sama Road, takardu nake turawa daga wannan tebur zuwa wancan. Amma duk Asabar in na tashi, sai in bi shi ƙauye, ina zaune a gefensa, wani lokaci ya ba ni sitiyari a inda hanya ta yi kyau. Shekara tara muna haka. Ba ya koyarwa da baki, wannan shi ne aibinsa, kuma zan faɗa ko da ya mutu. A ganinsa in ka zauna kusa da mai aiki kana da idanu biyu, an gama maka komai. In ka yi tambaya sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Wannan hali shi ya raba shi da ɗansa. Shekarar da taubashina ya samu kwangilarsa ta farko, ya sayo jar motar nan ƙirar Amurka, aka tuƙo ta tun daga Ikko, unguwa ta fito kallo. Ya tsaya a ƙofar gida gaban abokan ubansa ya ce, "Baba, lokacin jakai ya wuce. A sai da wagga gwangwani, in sai maka mota." Kawu ya ce, "Jibi za a kai takin zamani gida. Ka zo da taka." Farkon damina ne. Aka ɗora wa kowace buhu goma sha biyu, muka tafi, ina cikin Tsohuwa.

Mashigin ƙauyenmu ruwansa ba shi da zurfi, bai wuce gwiwa ba. Abin tsoron shi ne gaɓar can ƙetare, hawa ne mai tsayi, jar laka ce zalla, in ta sha ruwa santsinta ya fi na kuɓewa. Taubashina yana jin tausayin sabuwar motarsa, sai ya sa aka sauke buhunansa duka, ya ce ta hau da sauƙi, a ɗauko takin a ka daga baya. Ya taka totur, injin ya yi ruri har tsuntsaye suka tashi, tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa wa mutane laka, gindin motar yana rawa hagu da dama. Sau huɗu yana gwadawa. Kawu yana zaune yana tauna goro. Da taubashina ya gaji, Kawu ya sa giya ta ɗaya, Tsohuwa ta durƙusa da kayanta, ta hau a hankali tana nishi, ba ta tsaya ba sai a kan tudu. Manoman da ke gona suka yi ta shewa. Sai da aka kawo shanun noma aka ja jar motar.

Kawu bai bar maganar ta mutu ba. Duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin, ko ɗan yana zaune. Taubashina ya daina cin abinci a gidan, ya koma gaisuwar Juma'a a tsaye. Ni ma ba ni da bakin zargin kowa, don na fi kowa yaɗa labarin. A ofis na ba da shi ya fi a ƙirga, kullum da kalma ɗaya nake rufewa: duk da buhu goma sha biyu a bayanta, wallahi, ta haye.

Amma mutumin da ya iya wulaƙanta ɗansa a gaban manoma shi ne ya yi abin da zan faɗa yanzu. Wata bazara matar Bakanike ta rasu wajen haihuwa. A al'adarsu sai an kai ta garinsu. Ya zagaya tasha, direbobi kowa ya kawo uzuri, wani ya ce fasinja ba za su sake shiga motarsa ba in aka ji ta ɗauki akwatin gawa. Kawu ya riga ya yi lodin albasa zai tafi. Ya sa aka sauke ta a rana, ya ɗauki akwatin da Bakanike da 'ya'yansa biyu, kwana biyu suna tafiya. Da ya dawo rabin albasar ta ruɓe, mutane kuma suna ƙus-ƙus a masallaci. Ya juya ya ce, "Wanda ya san inda anka hana taimakon maƙwabci ya buɗe littahi ya nuna man." Ba wanda ya buɗe. Ya dawo da buhun acca da dangin matar suka ba shi, Inna ta rasa yadda ake dafa ta, kaji suka cinye.

To, wannan mutum ne aka yi wa wanka aka sa a likkafani kafin azahar. Aka yi masa salla a ƙofar gida, sahu har kan titi. Ni kuma na je in shirya mota.

A bodin Tsohuwa akwai buhu takwas na rairayi. Asabar biyu da suka wuce na zo na iske su a ciki, an jera su huɗu-huɗu a gefe da gefe, daidai kan tayoyin baya, an bar tsakiya fili. Motar da ta yi wata uku ba ta motsa ba. Maƙwabta suka ce shi ya sa aka kawo rairayin a amalanke, ya roƙe su suka ɗora masa. Na tambaye shi ko katanga za a gyara, ya ce, "Kai dai bar su nan." Kowa ya ɗauka ciwo ne ya fara taɓa masa kai, ni ma haka na ɗauka.

Da na tsaya ina kallon buhunan nan jiƙe sharkaf, sai na ji abin ya yi mini nauyi a ido. A ce dattijo kamar Kawu a ɗauke shi tafiyarsa ta ƙarshe tsakanin buhunan rairayi, kamar za a kai shi wurin gini? Ai sai duniya ta zage mu. Ni da bakina na kira matasan unguwa na ce a sauke su. Aka jibge su a gindin katanga, aka wanke bodin tas da omo, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Wani tsoho ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ka san girman manya." Na ji daɗin wannan magana. Duk ranar nan, iyakar abin da na ji ke nan.

Aka ɗora makara, mutum biyu suka zauna suna riƙe da ita, na shiga na kama sitiyari. Liman da sauran mutane suka hau jar motar taubashina suna bin mu a baya. Kwalta har Wamakko ba matsala. Na lura motar tana tsalle fiye da yadda na saba, duk ramin da na taka sai in ji makarar ta buga, amma na ce rashin iya tuƙina ne. Muka bar kwalta muka shiga fadama, shinkafa kore shar hagu da dama, hadari kuma yana sake haɗuwa ta gabas. Muka isa mashigi rana ta karkata. Ga babur ɗin Bakanike a jingine a can ƙetare, shi ba ya nan, ya taka gaba duba wani wuri mai taɓo.

Na shiga ruwa na fita lafiya. Na sa giya ta ɗaya kamar yadda na ga Kawu yana yi, na fuskanci hawan. Ta kama, ta hau kamar tsawon mutum biyu, sai tayoyin baya suka fara juyawa a banza. Motar ta sulalo baya har cikin ruwa. Na sake, ta sake sulalowa. Na leƙa ta taga na ce wa mutum biyun nan su sauka a rage mata nauyi, su tura. A gwaji na uku gindinta ya goce gefe da ƙarfi, na ji wani sauti a baya, ƙuuu, sannan gum. Makarar ce ta zame ta bugi ƙofar bodi. Mutane suka ɗauki salati. Na kashe mota na zauna hannuna a kan sitiyari, ina kallon wata jar tururuwa tana tafiya a kan gilashi.

Taubashina ya ce a matsa masa. Ya sauke mutanensa duka, ya ce bari ya gwada tasa, in ta hau a mayar da Baba ciki. Ta yi rurinta na da, ta yi rawarta ta da, ta ƙare da tayar baya ɗaya a cikin rami. Ya fito rigarsa fara ta koma ja. Wani ya ce a ɗauki makara a kafaɗa, amma daga nan zuwa ƙauye tafiya ce ta kusan awa biyu cikin taɓo, hadari ya rufe rabin sama, in ya sauko mashigin zai cika ya raba mu da gida biyu. Taubashina ya dubi agogonsa, ya dubi liman. Liman ya dubi inuwarsa a ƙasa ya ce saura kaɗan. Taubashina ya ce mini, ba da faɗa ba, "Ka gwada, Allah ya gani. A juya."

A lokacin Bakanike ya ɓullo a kan tudu da gudu, ƙarar injin ce ta dawo da shi. Ya tsaya ya dubi Tsohuwa daga sama, gindinta a ɗage kamar na zakara. Ya ɗora hannu biyu a ka. Ya gangaro yana zamewa, ya leƙa bodin, ya juyo ya ce, "Ina buhunan?"

Na ce na sa an sauke, don girmamawa.

Ya ce, "Wane girmamawa? Da safe na gan su, shi ya sa na tafi hankalina kwance. Mota mai ja da tayoyin baya, in ba kaya a kan taya, me zai danne ta ta kama ƙasa? Shekara nawa kana bin shi?"

Na ce, ni dai na san ta taɓa hawa nan duk da buhu goma sha biyu.

Ya dube ni, idanunsa jajur. Ya ce, "Ba duk da su ba ne. Su suka hau da ita." Ya nuna makarar da haɓa. "Shi ya san ba shi da nauyi kuma. Ya yi wa kansa lodi tun yana da rai, kai ka zo ka sauke."

Na ga taubashina ya juya ya kalli jar motarsa a rami, ya kalli hawan, ya daɗe yana kallo. Shekara bakwai yana ɗauke da haushin wannan wuri, sai ranar ya ji dalilin da ubansa bai taɓa gaya masa ba.

Bakanike ya ce kowa ya hau, a zauna gefe da gefe a kan tayoyin baya, a matsu, kada kowa ya tsaya a tsaye. Ya miƙo hannu zai karɓi makulli a wurina, sai ya tsaya, ya dubi liman ya ce, "Malam, ya halatta in ja shi?" Liman yana tattare rigarsa zai hau, ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ranar da ya ɗauki matarka wane malami ya tambaya? Shiga mu tahi."

Muka hau mu goma sha ɗaya. Taubashina ne ƙarshe, ya bar motarsa a buɗe da makulli a jiki, ya zauna daura da ni, gwiwoyinmu suna taɓa makarar, kowa ya sa hannu ya danne ta. Tsohuwa ta durƙusa har na ji ruwa yana taɓa salansar hayaƙinta. Bakanike ya tashe ta, bai taka da ƙarfi ba. Ta yi nishi, tayoyin suka juya sau ɗaya a banza, sannan na ji a ƙasan cinyata sun ciji ƙasa. Ta hau a hankali, a hankali, ba ta tsaya ba. Muna isa kan tudu liman ya ce a tsaya a yi la'asar.

Mun rufe shi kafin magariba, taku uku daga inda tsofaffin ƙauye suka ce nan mahaifiyarsa take. Ruwa ya sauko muna zuba ƙasa ta ƙarshe. Taubashina ya yi kuka a bakin kushewa har sai da aka riƙe shi. Ni na tsaya ruwa yana dukana, ina jira in ji wani abu, ban ji ba. Mutanen ƙauye suna ta sa mini albarka wai na cika amana, ina amsawa da amin.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Inna ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, na tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu. Ta tambaye ni hanya, na ba ta labari sama-sama, na tsallake abin da na tsallake. Sai ta ce, "Na gane ka ta taga sadda kas sa anka sauke su."

Na ce, "Inna, kin san na mene ne?"

Ta ce, "Ni nar riƙe mai bakin buhunan. Da kwanon awo ya cika su, yana zaune, kwana huɗu. In ya zuba uku sai ya huta."

Na ce, "To me ya hana ki aiko a gaya mini? Kalma ɗaya, Inna."

Ta ce ta tashi za ta aiko, sai ta koma ta zauna, ta ce wa kanta ƙila wata dabara ce ta maza da ba ta sani ba. Don tun suna cika buhunan ta ce masa ya kira ni ya yi mini bayani, kada a samu kuskure. Ya ce mata ba sai an yi ba. Ta maimaita mini maganarsa.

"Ya ce, da wani na, sai in hwaɗi. Amma ɗan boko shekara tara shina zaune gehena. Ko kowa bai gane ba, shi ya sani."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sassauta masa nauyin ƙasa, ya haɗa shi da wadda ya ce a kai shi kusa da ita. Ya mutu yana da tabbacin na sani. Na tashi daga ƙofar Inna na fito zaure, wani baƙo ya miƙo mini hannu ya ce ya haƙuri, na buɗe baki in amsa, muryata ta ƙi fita.